Zariya: Wa ke tsaron kwamfutar ofis idan ta bar ofis?

A shekarun baya, ɗan kasuwa a Sabon Garin Zariya idan ya ja ƙofar shagonsa da yamma, ya datse ta da kwaɗo, ya yi sallama da maigadi, to ya gama da batun tsaro ke nan sai kuma gobe.

Littafin bashi, da rasidai, da sunayen abokan ciniki duk suna kwana ne a cikin akwati ko durowa, a bayan ƙofar da ya rufe.

A yau lamarin ya sauya. Waɗannan bayanai sun koma cikin kwamfutar tafi-da-gidanka da wayar salula, su kuwa na'urorin ba sa kwana a shago.

Sukan bi akawu zuwa gidansa a Jama'a ko Hayin Dogo. Sukan bi wakilin sayar da kaya zuwa kasuwannin Giwa da Makarfi da Soba. Sukan shiga motar haya a Kwangila, su sauka a Kaduna ko Kano.

Don haka tambayoyi biyu ne ke gaban duk mai ƙaramin kamfani: idan na'urar ta faɗa hannun wani, me zai samu a cikinta? Kuma me zai rage wa mai kasuwancin da zai ci gaba da aiki da shi?

Masana harkar tsaron na'ura mai ƙwaƙwalwa na ganin cewa wanda ya amsa waɗannan tambayoyi tun kafin abin ya faru, ya yi maganin mafi yawan matsalar. Kuma galibin matakan da ake buƙata ba kuɗi suke ci ba, tsari da kulawa suke ci.

Garin ilimi, garin ciniki

Samaru ce mazaunin Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a shekarar 1962, kuma a nan ne cibiyar binciken aikin gona ta IAR da cibiyar yaɗa dabarun noma ta NAERLS suke. Ita kuwa Sabon Gari ta bunƙasa ne bayan isowar layin dogo a farkon ƙarni na 20, lokacin da cinikin auduga da gyaɗa ya jawo baƙi daga sassa daban-daban.

A tsakanin wuraren biyu akwai ɗimbin ƙananan sana'o'i da ba sa tafiya sai da kwamfuta: shagunan buga takardu da ke hidima ga ɗalibai, da masu sayar da iri da taki da maganin feshi, da shagunan magani, da makarantu masu zaman kansu, da ɗakunan gwajin jini, da masu POS, da ƙananan kamfanonin da ke tattara bayanai daga manoma.

Wani bincike na haɗin gwiwa tsakanin hukumar SMEDAN da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ya nuna cewa a ƙarshen shekarar 2020 akwai ƙanana da matsakaitan sana'o'i kusan miliyan 40 a Najeriya, kuma mafi yawansu na mutum ɗaya ne ko mutane ƙalilan. Irin waɗannan ba su da sashen kula da kwamfuta. Maigida shi ne manaja, shi ne ma'aji, shi ne kuma ake kira idan na'ura ta ƙi tashi.

Abubuwa uku ne suka tura aiki waje da shago. Na farko shi ne zuwan wayar salula ta GSM a shekarar 2001. Na biyu shi ne dokar kulle ta cutar korona, wadda gwamnatin jihar Kaduna ta sanya a watan Maris na 2020, abin da ya tilasta wa mutane da dama koyon aiki daga gida. Na uku kuwa shi ne ƙarancin takardun Naira a farkon shekarar 2023, wanda ya sa har masu ƙaramin jari suka koma karɓar kuɗi ta hanyar tura su a waya.

Ranar da jaka ta ɓata

Haɗari mafi kusa ga ma'aikaci mai yawo ba wani gwanin kutse ne da ke zaune a ƙasar waje ba. Sata ce, ko fizge, ko mantuwa a cikin mota.

Wannan ba matsalar ƙananan 'yan kasuwa ba ce kaɗai. A watan Mayun 2006, ɓarayi suka shiga gidan wani ma'aikacin ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta Amurka, a jihar Maryland, suka ɗauke kwamfutarsa da wani faifan ajiya da ya zo da su daga ofis. A ciki akwai bayanan mutane kimanin miliyan 26 da rabi. An gano na'urar daga baya, amma duk da haka a shekarar 2009 gwamnati ta amince ta biya diyyar dala miliyan 20.

Abin da ya sa lamarin ya yi muni shi ne ba a sakaya bayanan ba.

Mutane da yawa na zaton kalmar sirrin da ake bugawa kafin kwamfuta ta buɗe ta wadatar. Ba ta wadatar ba. Duk mai gyaran kwamfuta ya san cewa ana iya zare faifan ajiyar na'ura, a haɗa shi da wata, a karanta abin da ke ciki ba tare da an nemi kalmar sirrin ba.

Sakaya bayanai na nufin na'ura ta rikita duk abin da ke cikinta ta hanyar lissafi, ta yadda ba mai iya karantawa sai wanda ke da mabuɗin. A kwamfutocin Windows ana yin haka da BitLocker, a na kamfanin Apple kuma da FileVault. Dukansu a cikin manhajar na'urar suke zuwa, kodayake cikakken BitLocker na zuwa ne a samfurin Windows na masu sana'a, watau Pro.

Sai dai akwai abin lura. Idan aka kunna BitLocker, na'urar kan ba da wani mabuɗin gaggawa mai lambobi 48. Wajibi ne wannan mabuɗi ya zauna a hannun maigida, a rubuce, a wurin da ba jakar kwamfutar ba. Idan ya ɓata kuma na'urar ta nemi shi, to mai kayan ma ba shi da hanyar shiga.

Wayoyin zamani na Android da iPhone suna sakaya bayanansu da kansu, amma kariyar ba ta da amfani idan ba a sa wa fuskar wayar makulli ba. Lambobi shida ko fiye sun fi zanen da ake ja da yatsa, domin wanda ke zaune kusa da mutum a mota na iya haddace zanen da kallo ɗaya.

Layin waya ya zama mabuɗin banki

A Najeriya, ɓarawon waya sau da yawa ba wayar ce babbar ribarsa ba. Layin da ke cikinta ne.

Tun da aka ƙaddamar da lambar BVN a shekarar 2014, aka kuma fara haɗa layukan waya da lambar zama ɗan ƙasa ta NIN a ƙarshen 2020, layin mutum ya zama tamkar shaidarsa. Ta nan banki ke aiko da lambar tabbatar da cire kuɗi, ta nan kuma ake tura kuɗi da gajerun lambobin nan da ba sa buƙatar intanet.

Idan wayar a kulle take, ɓarawo kan zare layin ya sa a wata wayar. Maganin wannan shi ne sa wa layin kansa lambar sirri, abin da kowace waya ke da wurin yinsa. Idan aka yi kuskuren lambar sau uku, layin zai rufe, sai da lambar PUK da ke jikin katin da aka sayo shi da shi. Saboda haka ya kamata a adana wannan kati.

Ga kamfani, darasin shi ne kada layin da ke haɗe da asusun bankin kasuwanci ya zama shi ne ke yawo a aljihun yaron shago. Wakilin da ke karɓar kuɗi a kasuwa na buƙatar ganin shigar kuɗi ne kawai, ba ikon fitar da su ba, kuma bankuna da kamfanonin hada-hadar kuɗi da dama na ba da damar raba waɗannan matsayi biyu.

Kalma ɗaya, asarar miliyoyi

Hanya ta biyu da ake bi a shiga kasuwancin mutum ita ce a yaudari ma'aikacinsa ya miƙa kalmar sirri da hannunsa.

A watan Afrilun 2018, babban jami'in kuɗi na kamfanin Unatrac da ke Birtaniya, mai dillancin manyan injinan Caterpillar, ya samu wani saƙon imel da ya kai shi wani shafi mai kama da na Microsoft. Ya buga sunansa da kalmar sirrinsa. Da wannan ne 'yan damfara suka riƙa aika umarnin biyan kuɗi da sunansa, har aka fitar da kusan dala miliyan 11. A watan Fabrairun 2021 wata kotu a Amurka ta yanke wa wani ɗan kasuwa ɗan Najeriya, Obinwanne Okeke, hukuncin ɗaurin shekaru 10 a kan lamarin.

Hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta ce a shekarar 2023 kaɗai an kai mata ƙorafin asarar kimanin dala biliyan 2.9 ta irin wannan damfara ta imel ɗin kasuwanci.

A Zariya, irin wannan ta fi zuwa ta WhatsApp. Wani zai kira ma'aikaci, ya ce daga wata ƙungiya ko zauren da yake ciki yake, ya ce an shirya taro ta intanet, ya nemi a karanto masa lambobi shida da aka turo yanzu. Waɗannan lambobi su ne na mayar da asusun WhatsApp zuwa wata waya. Da zarar ya samu, sai ya shiga aika wa abokan ciniki saƙo da sunan kamfanin, yana ba su sabuwar lambar asusun da za su tura kuɗi.

Matakai uku ne ke rage wannan haɗari.

Na farko shi ne tabbaci mai hawa biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara da wata shaida. WhatsApp na da shi tun shekarar 2017, haka ma Gmail da Facebook da manhajojin banki. Kunna shi ba ya wuce 'yan mintuna.

Na biyu shi ne kowane asusu ya samu kalmar sirrinsa daban. Cibiyar tsaron intanet ta gwamnatin Birtaniya na ba da shawarar a haɗa kalmomi uku da ba su da wata alaƙa da juna, domin doguwar kalma ta fi wuyar fasawa a kan gajera mai cike da alamomi. Sunan ɗa, ko shekarar haihuwa, ko lambar waya, su ne abin da mai kutse ke fara gwadawa.

Na uku kuwa ƙa'ida ce da ba ta buƙatar na'ura: duk saƙon da ya ce an sauya lambar asusun da za a biya kuɗi, kada a yi aiki da shi sai an kira mai shi a tsohuwar lambarsa da aka sani, an ji muryarsa.

Sai bango ya tsage

Mafi yawan kwamfutocin da ƙananan 'yan kasuwa ke saya na hannu ne, waɗanda aka yi amfani da su a Turai ko Amurka. Suna da ƙarko da sauƙin kuɗi, amma akwai inda suke da rauni.

Kamfanonin da ke ƙera manhaja kan riƙa gano ɓaraka a cikinta, su aiko da gyara ta intanet. Wanda bai karɓi gyaran ba, ɓarakar na nan a buɗe. Kuma saboda tsadar data, ma'aikata da dama kan kashe wannan sabuntawa gaba ɗaya.

Abin da hakan ke haifarwa ya fito fili a watan Mayun 2017, lokacin da wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150. Ta riƙa kulle bayanan mutane tana neman kuɗin fansa, har asibitoci a Ingila suka soke ganin dubban marasa lafiya. Alhali kuwa kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran ɓarakar tun watan Maris, watanni biyu kafin harin.

Batun ya ƙara muhimmanci tun ranar 14 ga watan Oktoban 2025, lokacin da Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10, kamar yadda ya yi wa Windows 7 a watan Janairun 2020. Tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan karɓar Windows 11 ba. Don haka duk wanda zai sayi ta hannu, ya kamata ya fara tambaya ko za ta ɗauki Windows 11. Wadda ba za ta ɗauka ba, ana iya sa mata manhajar Linux, wadda kyauta ce, ko a keɓe ta ga aikin da ba ya buƙatar intanet.

Sai kuma manhajojin sata, waɗanda ake fasawa a sanya ba tare da an biya ba. Wanda ya fasa manhajar yana iya cusa abin da ya ga dama a cikinta, kuma sau da yawa sai an kashe manhajar kariya ta kwamfuta kafin ta shiga. Wanda ba shi da halin sayen ta gaskiya, akwai na kyauta na halal irin su LibreOffice da ke aikin rubutu da lissafi.

A gari irin Samaru, inda filashi ɗaya kan ratsa shagunan buga takardu da yawa a yini guda, wannan ƙaramar na'ura na daga cikin manyan masu yaɗa ƙwayoyin cutar kwamfuta. Mai aika takarda a buga masa zai fi samun kwanciyar hankali idan ya tura ta imel ko WhatsApp. Idan kuwa dole ne a yi amfani da filashi, to a ware guda ɗaya na zuwa waje, a kuma bincike shi kafin a buɗe.

Gida ba ofis ba ne

Idan kwamfutar aiki ta isa gida, sau da yawa takan zama ta kowa. Yara na kallon fim, ƙani na sauko da wasanni, maƙwabci na cike fom.

Ko kamfanonin da tsaro ne sana'arsu sun ɗanɗana wannan. A shekarar 2022 aka kutsa wa LastPass, kamfanin da ke ajiye wa miliyoyin mutane kalmomin sirrinsu. Kamfanin ya bayyana daga baya cewa an bi ne ta kwamfutar gida ta ɗaya daga cikin manyan injiniyoyinsa huɗu da ke riƙe da mabuɗan rumbunsa, inda aka yi amfani da ɓarakar wata manhajar kallon fina-finai da bai sabunta ba.

A gidan Bahaushe hana ɗan'uwa aron abu ba ƙaramin nauyi ba ne, shi ya sa ya fi sauƙi dokar ta fito daga maigidan aiki, ma'aikaci ya samu abin da zai fake da shi. Inda ba makawa sai an yi tarayya, ana iya buɗe wa iyali asusu daban a kwamfutar, wanda ba shi da ikon sanya sabuwar manhaja ko ganin takardun aiki.

Rashin wutar lantarki ma na da nasa tasirin. A watan Oktoban 2024, yawancin jihohin arewa sun shafe kwanaki a cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta, abin da ya sa jama'a suka yi ta tururuwa zuwa wuraren cajin waya. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta taɓa gargaɗi a kan satar bayanai ta igiyar caji a wuraren jama'a. Amma haɗarin da ya fi kusa shi ne barin waya a buɗe, da layi a ciki, a hannun wanda ba a sani ba. Kashe wayar kafin a miƙa ta, ko kai batirin ajiya a caja maimakon wayar, na toshe wannan ƙofa.

Haka abin yake a wurin masu gyara. Galibinsu mutanen kirki ne, amma shago ɗaya na iya samun yara masu koyo da yawa. Kafin a kai na'ura gyara, a kwafe bayanai, a fita daga asusun imel da na banki, a cire layi da katin ajiya.

Dangane da intanet ɗin kyauta na otal ko wurin cin abinci kuwa, haɗarinsa ya ragu a kan da, domin yawancin shafuka yanzu suna sakaya abin da ke wucewa tsakaninsu da mai amfani. Duk da haka ana iya kafa na bogi mai sunan wurin, don haka harkar banki ta fi dacewa da datar wayar mutum.

'Yan Najeriya da dama sun san manhajar VPN ne lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter, daga watan Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Sai dai VPN na kyauta da aka sauko da shi barkatai ba kariya ba ce ga kasuwanci, domin duk zirga-zirgar mutum na bi ne ta hannun wani kamfani da bai san ko na wane ne ba.

Ajiyar ko-ta-kwana

Duk matakan da aka ambata na amsa tambaya ta farko ce, wato abin da ɓarawo zai samu. Tambaya ta biyu, ta abin da zai rage wa mai kaya, amsarta ɗaya ce: kwafi.

Mai sayar da taki da ya ba manoma bashi zuwa kaka, idan sunayensu da adadin kuɗin na cikin kwamfuta ɗaya tak, to jarinsa na rataye ne a jakar wakilinsa.

Ƙa'idar da masana suka daɗe suna koyarwa ita ce ta 3-2-1: kwafi uku na duk wani muhimmin bayani, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya daga ciki kuma a wani wuri daban. Ga ƙaramin kamfani, wannan na iya zama kwamfutar kanta, da faifan ajiya na waje, da rumbun intanet irin su Google Drive ko OneDrive.

Amfanin ajiye ɗaya a nesa a bayyane yake ga duk wanda ya tuna gobarar kasuwar Sabon Garin Kano ta watan Maris na 2016, wadda ta cinye dubban shaguna a dare ɗaya. Faifan da ke kwana a durowa ɗaya da kwamfuta, tare za su tafi.

Kazalika, kada a bar faifan a haɗe da kwamfuta kullum, domin manhajar neman kuɗin fansa na kulle duk abin da ta tarar a haɗe. Kuma lokaci-lokaci a riƙa gwada buɗe kwafin, don a tabbatar yana aiki.

Da ɗan gari kan ci gari

A garin da ke cike da ɗalibai, ma'aikata ba sa daɗewa. Mai neman sanin makamar aiki zai yi watanni ya koma aji. Mai yi wa ƙasa hidima zai yi shekara ya tafi. Kowannensu na iya tafiya da kalmar sirrin imel, ko jerin lambobin abokan ciniki, ba lallai da mugun nufi ba.

Asusun da aka manta ba a rufe ba ƙofa ce a buɗe. A shekarar 2021, masu kutse suka shiga kamfanin Colonial Pipeline, mai bututun da ke kai kusan rabin man da ake sha a gabashin Amurka, ta wani tsohon asusun aiki daga nesa da aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba, kuma ba shi da tabbaci mai hawa biyu. Bututun ya tsaya na kwanaki, aka yi layin mai, kamfanin kuma ya biya fansar kimanin dala miliyan 4.4.

Maganin wannan littafi ne ƙarami. A rubuta kowace na'ura, da lambarta, da wanda ke riƙe da ita, da asusun da yake iya shiga. Kowane ma'aikaci ya samu nasa sunan shiga, maimakon kowa ya yi amfani da na maigida. Imel da layin da aka buɗe shafukan kamfani da su, su kasance mallakar kamfanin. Ranar da ma'aikaci ya ajiye aiki, a ranar za a karɓi na'ura, a rufe asusunsa, a sauya duk kalmar sirrin da ya sani.

Wasu masu gida na jin nauyin yin haka, suna ganin kamar zargi ne. Amma tsarin na kare ma'aikacin kirki ma, domin idan kuɗi suka ɓata, ana iya gane ta hannun wa suka fita, ba sai an tuhumi kowa ba.

Abin da doka ta tanada

Bayanan da ke cikin waɗannan na'urori ba na mai kasuwanci ba ne shi kaɗai. Akwai lambobin wayar jama'a, da hotunan katin shaida, da sakamakon gwajin asibiti, da bayanan yaran makaranta. Amana ce, kuma yanzu doka ta shigo cikinta.

A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta wajabta wa duk mai riƙe da bayanan mutane ɗaukar matakan kare su. Idan aka samu ɓarakar da za ta iya cutar da masu bayanan, dole ne a sanar da hukumar cikin sa'o'i 72.

Tarar da dokar ta tanada na iya kaiwa Naira miliyan 10, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa, ga manyan masu riƙe da bayanai. Ga sauran kuwa, Naira miliyan 2 ne ko kashi 2 cikin 100.

Akwai kuma dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, da ta haramta kutse da satar shaidar wani. Ana iya kai ƙorafi ga 'yan sanda, waɗanda ke da cibiyar yaƙi da irin waɗannan laifuka a Abuja, ko ga hukumar EFCC, wadda ke da ofishin shiyya a Kaduna.

Sa'ar farko

Idan na'ura ta ɓata, abin da aka yi a sa'ar farko ya fi duk abin da zai biyo baya muhimmanci.

A fara da kiran banki a dakatar da asusun da ke haɗe da layin. Sannan a kira kamfanin waya a rufe layin. Daga wata na'ura, a sauya kalmar sirrin imel, domin ta imel ake sake buɗe sauran asusu. Kamfanonin Google da Apple na da hanyar kulle waya ko goge ta daga nesa, muddin an kunna tsarin tun kafin ta ɓata. Bayan haka a sanar da abokan ciniki kada su amsa saƙo daga lambar, a kuma kai rahoto ga 'yan sanda.

Duk wannan na yiwuwa ne idan lambobin kiran gaggawa na banki da na kamfanin waya na rubuce a takarda, ba a cikin wayar da ta ɓata ba.

Ya kuma dogara ne a kan abu ɗaya da ba na na'ura ba. Ma'aikacin da ke tsoron za a kore shi ko a cire masa albashi, zai iya ɓoye ɓatan waya har kwana biyu yana fatan ganinta. A cikin kwana biyun nan ne ake kwashe asusu. Shi ya sa masana ke ba masu gida shawarar su shaida wa ma'aikatansu tun farko cewa ɓatan na'ura ƙaddara ce da za a iya yafewa, amma ɓoye labarin shi ne laifi.